Tambaya Da Amsa: Sayen Kayan Babur Da Gyaran Da Zai Sa Jiki Ya Huta

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa a filinmu na masu abin hawa. Tun da aka cire tallafin mai a Najeriya ranar 29 ga Mayun 2023 mutane da yawa suka jingine mota suka koma babur, har da waɗanda rabonsu da hawa mashin tun suna samari, shi yasa saƙonnin da ke shigo mana yanzu kusan kukansu ɗaya ne, ciwon baya, sagewar hannu da kayan gyara na jabu. Ga waɗanda na zaɓo, wanda bai ga nasa ba yayi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Salam Malam. Ina da Boxer 100 shekara uku kenan, kullum da shi nake zuwa makarantar da nake koyarwa a wani ƙauye, hanyar burji ce duk ramuka, in na dawo gida bayana da ƙuguna ciwo suke sosai har ruku'u da ƙyar nake yi. Wani bakanike yace in sayi dogon shokozoba irin na manyan babura kuma a ƙara mun soso a sit. Nace kafin in zuba albashina bari inji ta bakinka.
Daga wani malamin firamare, Funtuwa

AMSA: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ƙara lafiya, ya saka maku da alheri kan wahalar da kuke sha da yaranmu. Dan Allah riƙe kuɗinka tukuna, akwai abubuwan da za ka fara dubawa waɗanda kusan kyauta ne.

Fara da iskar taya. Masu faci da yawa basa aunawa, sai dai su dura su matsa da babban yatsa ko su ƙwanƙwasa da sifana, in sunji tauri suce tayi. Alhali taya ita ce ke fara shanye bugun rami kafin ya kai ga shokozoba, in aka cika ta fiye da ƙima toh duk tsakuwar da ka taka sai kaji ta a ƙashin bayanka. A yawancin ƙananan babura irin naka gaba na son wajen 25 a geji (a ma'aunin PSI), baya 28 in kai kaɗai ne, 32 in akwai goyo ko kaya, amma ka duba littafin babur ɗin in kana da shi. Kace a auna maka da geji a gabanka, kuma da safe kafin tayar ta ɗau zafi.

Sai ka durƙusa ka kalli ƙasan sifirin ɗin shokozoban baya, za kaga wani zobe mai matakala-matakala, yawanci hawa biyar ne. Wannan zoben shi ke matse sifirin ko ya sassauta shi gwargwadon nauyin da ake ɗorawa. Bakanikai da yawa sun saba da 'yan acaba masu ɗaukar mutum biyu da buhun masara, don haka sai su murɗa shi zuwa ƙarshe su barshi nan, kai kuwa daga kai sai jakar littattafai. A dawo da shi hawa na biyu, kayi kwana biyu a haka kaji, in babur na dukan ƙasa a rami a ƙara hawa ɗaya. Amma lallai hagu da dama su zama daidai.

In an yi wannan ba'a ga canji ba sai a gwada shokozoban kansa. Sauke babur daga jak, danna bayansa da ƙarfi ka saki. Mai lafiya zai taso a hankali ya tsaya cak, wanda ya mutu kuwa zai ta lilo sau biyu sau uku, kuma in ka duba sandar cikinsa za kaga maiƙo ya haɗu da ƙura yayi baƙi, alamar man ciki ya tsiyaye kenan, sifirin kawai ya rage. A duba har da robobin bushin na sama da ƙasa, don wani lokacin su ne kawai suka cinye. In dai ya mutu ka sayi sabo, amma daidai tsawon naka, a cire tsohon a auna da tef daga tsakiyar ramin noti na sama zuwa tsakiyar na ƙasa, ka tafi da shi kasuwa a hannunka. Kuma a canja biyun tare.

Dogon da aka ce ka saya ban goyi baya ba sam. Sifirin ɗin babban babur an yi shi ne don nauyin babban babur, a kan Boxer tauri zai ƙara maka. Sannan bayan babur zai ɗaga, nauyinka ya zubo kan hannuwa, cen ya riƙa gugar ƙarfe, jak ya daina ɗaga tayar baya, ƙafarka kuma ta daina kai ƙasa sosai wanda a hanyar burji da damina hatsari ne. Na kamfani da ke zuwa da yawancin Boxer mai sifirin biyu ne ɗaya cikin ɗaya, dama don mugayen hanyoyi aka yi shi, in ka samu gangariyarsa ya ishe ka.

Kar a manta da gaba. Akwai mai a cikin fok ɗin gaba, wato shokozoban gaba, kuma wallahi akwai baburan da tun da aka fito da su daga kwali ba'a taɓa canja shi ba. In an zo canjawa a zuba man fok na ainihi, mai lamba 10W aka fi amfani da shi, kar a zuba baƙin mai na inji don yayi kauri da yawa, kuma a auna adadi ɗaya a kowane ɓangare.

Maganar sit kuwa nan bakanikenka ya kusa gaskiya, amma tulin soso ba shi ne magani ba. Kaje wajen mai kushin ka tsaya a kansa ya ɓalle ledar, za kaga tsohon soson yayi ja ya lotsa a daidai inda kake zama, in ka danna da yatsa sai kaji robar ƙasa. Soso mai laushi tiɓis yana da daɗi minti goma na farko, bayan nan ya lotse ka koma zama kan roba. Abin da za kace masa, ya sa mai tauri a ƙasa, ya ɗora siririn mai laushi a sama, ya ɗan faɗaɗa wajen mazaunai ya bar gaban siriri saboda cinya, kuma ya daidaita shi yadda ba za ka riƙa zamewa kana matsowa tanki ba, don wannan zamewar ita ke sa mutum ya riƙa tokarewa da hannu da ƙugu bai sani ba. Kafin ya rufe ya shimfiɗa siririyar leda a kan soson saboda ruwan sama. Ka hau ka gwada tun bai buga fil ba.

Amma Malam in ciwon yana sauka ƙafa, ko kana jin ƙafar na sagewa, wannan ya wuce gareji, kaje asibiti likita ya duba ka.

TAMBAYA: Oga barka da aiki. Ni ɗan kabu-kabu ne, cikin wata huɗu sau biyu ina canja cen, kowanne sai ya saki ya fara ƙara yana faɗuwa, kuma duk wanda na saya mai shago rantsuwa yake orijina ne. Yaya talaka zai gane mai kyau?
Daga wani mai kabu-kabu, Sakkwato

AMSA: Ɗan'uwa sannu da nema, Allah ya sa albarka. Tambayar da zan maka, da ka canja cen ka canja siproket na gaba da na baya? Don in ba ka canja ba toh ko da gangariya ka saya haka zai faru. Tsohon siproket haƙoransa sun riga sun cinye sun yi tsini sun karkata gefe ɗaya, sabon cen na hawa kansu zai fara miƙewa. Ukun nan tare ake canja su. Sannan kar a ɗaure shi tamau, a bar masa wasa kamar santimita 2 zuwa 3 a tsakiya, ka riƙa wanke shi da kananzir kana sa masa mai, kuma murfin cen ɗin nan da samari ke cirewa su yar, a ƙasa mai yashi irin taku shi ne ke tsawaita rayuwarsa.

Yanzu maganar jabu. Abin da ya kamata kowa ya sani, kusan kowane kaya a kasuwa hawa-hawa ne, akwai na kamfani, akwai na wani kamfanin daban mai inganci, akwai kuma wanda kwalin kawai aka kwaikwaya. Haka abin yake ko ina, daga Nnewi ta jihar Anambra wadda ita ce babbar cibiyar kayan babur a Najeriya, har zuwa shagunan Fagge a Kano da Panteka a Kaduna da ɗan shagon bakin tasharku. Kuma a daina cewa duk ɗan Chana jabu ne, ai Jincheng da Haojue da Lifan duk daga Chana suke kuma mutane sun ci abinci da su shekara da shekaru, kamar yadda Bajaj da TVS suke daga Indiya. Matsalar ita ce mai shigo da kaya yakan yi odar mai araha saboda yasan abin da muke tambaya kenan.

Saboda haka in ka shiga shago kar kace "bani cen", kace ya fito maka da duk kalolin da yake da su ya faɗi kuɗin kowanne. Yawancin 'yan kasuwa in suka ga kasan akwai na ɗaya da na biyu za su faɗa maka gaskiya. Ɗauki biyu ka jinjina a hannu, mai kyau yafi nauyi. Riƙe cen ɗin a kwance ta gefe ka miƙa shi, mai kyau kaɗan zai lanƙwasa, na banza kuwa tun yana sabo zai sunkuya sosai. Duba lambar da aka buga a jikin ƙarfen, ƙananan baburanmu 420 ko 428 suke amfani da shi, ka tabbatar daidai da naka ne. Siproket ka shafa haƙoran da yatsa, in kaji kaushi da ɓurɓushin ƙarfe ko fenti ya rufe komai ka ajiye. Kwali ma yana magana, rubutu dishi-dishi, kuskuren harafi a sunan kamfani, ko babu lambar kaya. In kuɗin yayi ƙasa da na sauran shaguna da nisa, ba sonka mai shagon yake ba.

Ni a wajena akwai kayan da ba'a neman sauƙi a kansu ko da za'a ci bashi, fatar birki, taya, boris na wili, cen, fulogi da baƙin mai. Madubi, madigadi, kariyar ɗaura kaya, robobin jiki, waɗannan ka sayi daidai aljihunka, har na hannu ma babu laifi, tanki ko kafireta na tsohon babur na kamfani sau da yawa yafi sabon jabu. Amma na hannu ka saya a shagon da aka sani ka karɓi rasit, kar wani ya tare ka a lungu da kaya a buhu ka sayi na sata ka jawo wa kanka zaman ofishin 'yan sanda. Baƙin mai kuma ka duba bayan robar kaga an rubuta JASO MA, don kulocin babur cikin mai yake wanka, wani man motar yana sa shi santsi.

Kuma ka riƙe mai shago ɗaya da bakanike ɗaya masu tsoron Allah, wanda yasan gobe za ka dawo ba zai so ya haɗa ka da jabu ba.

TAMBAYA: Yaya inaso in saka wa mashin ɗina ƙatuwar taya a baya, abokaina sunce tafi kama ƙasa kuma tafi laushi. Kuma zan iya sa tubles?
Daga wani matashi, Kurna, Kano

AMSA: Ƙanena, kowane wili akwai faɗin tayar da aka yi shi dominta. In ka cusa mai faɗi sosai a siririn wili matsewa take ta ƙanƙance ta yi tsini a tsakiya, sai ya zama abin da ke taɓa ƙasa bai ƙaru ba, ga nauyi, ga shan mai, ga gugar murfin cen, kuma a kwana babur ya riƙa maka gardama. Duba gefen tayarka za kaga lamba irin 3.00-17 ko 2.75-18, ta farko faɗi ce ta biyu girman wili. In dole sai ka ƙara, mataki ɗaya kawai, kuma a juya tayar a tabbatar bata taɓa komai ko an ɗau goyo.

Abin da yafi girman taya muhimmanci shi ne shekarunta. A gefenta akwai lamba huɗu a cikin ɗan zagaye, biyun farko sati ne biyun ƙarshe shekara, misali 2324 na nufin sati na 23 a 2024. Taya na iya zama sabuwa fil ba'a taɓa hawa ba amma ta shekara biyar a sito robar ta bushe, irin wannan ba laushi ba riƙo. Tubles kuma sai wili na alminiyom wanda aka yi dominta, mai sifok iska na bi ta ramukan sifok ɗin ta fita.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Ina da ƙaramin moto (babur) irin na mata da nake zuwa aiki da kai yara makaranta, in na yi tafiya kaɗan sai hannuna na dama ya sage har yatsu su mutu, kuma ni gajeriya ce da kan yatsu nake taka ƙasa in na tsaya.
Daga wata ma'aikaciya, Damagaram, Nijar

AMSA: Lafiya lau Hajiya, ya aiki ya yara. Sagewar hannu yawanci daga karkarwar inji take da kuma yadda ake damƙe totur. A fara da ɗaure notocin da suka riƙe inji a jikin firam, in ɗaya ya kwance duk rawar injin hannu take tahowa. A duba wayar totur, in ta bushe ko ta fara tsinkewa a ciki sai kin yi ta murɗawa da ƙarfi, a sa mata mai ko a canja, ba ta da tsada. Robobin hannu in sun bushe sun yi santsi a sa masu taushi, amma kar a sa masu kauri da yawa tunda hannunki ƙarami ne. Akwai kuma wasu 'yan ƙarafa masu nauyi da ake ɗaurawa a ƙarshen hannun hagu da dama, aikinsu kenan rage karkarwa, in naki sun faɗi a mayar. Sai ki zauna a kai ki miƙa yatsunki kan hannun birki, ya kamata tsintsiyar hannunki ta miƙe sambal, in tana lanƙwashewa sama a sassauta noti a ɗan sunkuyar da shi, aikin minti biyu ne.

Maganar tsawo kar ki yarda a yanke sifirin ko a sa guntun shokozoba. Mai kushin ya rage soson santimita 2 ko 3 ya kuma fere gefe-gefen gaba, sau da yawa faɗin sit ne ke hana ƙafa kai ƙasa ba tsawonsa ba.

Sai abin da baki tambaya ba amma ba zan iya shiru ba, hijabi da zani. Mata da yawa sun ji mummunan rauni saboda bakin hijabi ya shiga cen ko sifok ɗin baya ya fizgo su. A Indiya doka ce babur ya zo da raga a gefen tayar baya saboda sarin da matansu ke ɗaurawa. Mai walda zai iya yi maki irinta, murfin cen ya zauna a rufe, kuma kafin ki tada moto ki tattare hijabin ki zauna a kansa, haka ma ki duba na yaran da ƙafafunsu.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe ina yawan doguwar tafiya a kwalta cin kasuwannin ƙauye, in na kai giyar ƙarshe injin sai ihu yake kamar yana neman wata giyar. Akwai dabara?
Daga wani ɗan kasuwa, Azare

AMSA: Akwai Alhaji. A ƙara haƙori ɗaya a siproket na gaba, in 14 ne a sa 15, juyin inji zai ragu da kusan kashi 7 cikin 100 a gudu ɗaya, ƙara da karkarwa su ragu. Amma ba kyauta bane, ƙarfin tashi zai ragu, in kana loda buhuna ko kana shiga yashi da hawa za ka riƙa cin kuloci, a wannan halin ka barshi yadda yake. Kuma dan Allah doguwar tafiya a sa hular kwano mai gilashi, tun Janairun 2009 hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta fara tilasta ta, bayan kariyar kai tana tare iska da ƙura da ƙwari, rabin gajiyar hanya daga nan take.

TAMBAYA: Sir inaso in sa farar fitila mai haske sosai da wajen cajin waya, kuma in buɗe salansa ya riƙa ƙara.
Daga wani ɗalibi, Samaru, Zariya

AMSA: Ɗana, fitila da caja babu laifi in an yi su daidai. Da yawan ƙananan babura fitilar gaba daga kwayil take shan wuta kai tsaye ba daga batir ba, shi yasa za kaga haskenta na ƙaruwa in an ja totur. Irin wannan wutar in ka sa ƙwan LED wanda na batir ne kawai zai ta ƙiftawa ko ya ƙone, don haka kace a baka wanda aka rubuta AC/DC a kwalinsa, kuma a saita shi ya kalli hanya kar ya kashe idon mai tahowa. Caja a haɗa ta ta bayan makulli yadda in ka kashe babur ita ma ta mutu, in ba haka ba za ta shanye batir cikin dare, a sa mata fiyus nata, kuma a naɗe waya da kyau nesa da tiyon mai.

Salansa kuwa ka barshi. In an fasa cikinsa lissafin mai da iska na kafireta ya rikice, inji ya riƙa zafi fiye da ƙima, ƙarfin tashi ma sau da yawa raguwa yake. Kunnenka ne mafi kusa da wannan ƙarar kullum, kuma jin da ƙara ta kashe baya dawowa, ga maƙwabta masu jarirai da marasa lafiya da tsofaffi a unguwa. Kuɗin da za ka ba mai walda ka sayi sabuwar fatar birki da su, in da canji ka mayar da madubanka guda biyu in ka cire.